Daga Kordofan zuwa Khumra: alhakin ragon da ya mutu a hanya yana kan wa?

Baban Usama, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure, ina neman izini in kawo wata magana da ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Yawancinku kun san a kasuwar tumaki ta Khumra, kudu da Jidda, nake neman abincina, ina sauke dabbobi daga mota ina kuma taɓa dillanci, yau shekara goma sha huɗu ke nan. Shekaranjiya wajen azahar wata tirela mai hawa uku ta shigo da ragunan Sawakini, wato na Sudan, da aka sauko da su daga jirgin ruwa, direban ya ce sun daɗe tsaye cikin rana kafin su kamo hanya. Da muka buɗe hawan ƙasa sai muka iske bakwai sun mutu, biyu daga cikinsu a tsaye suka cika, domin matsi bai bar musu wurin faɗuwa ba. Akwai wani babban rago ja, irin Hamari na Kordofan, ƙafarsa ta gaba ta shige tsakanin ƙarafa ta karye, harshensa a waje. Na kawo masa ruwa a bokiti, ya kasa sha.

Na saba ganin mushe a wannan aiki. Abin da ya girgiza ni shi ne maganar wakilin mai kayan, wanda ya zo ya ƙirga, ya rubuta a littafinsa, ya ce mana kada mu damu, bakwai cikin ɗari huɗu an riga an sa su a lissafi tun kafin a loda. Tun da na ji haka nake juya maganar a zuciyata. Idan an san za su mutu tun kafin a rufe ƙofar mota, aka kuma rufe, to alhakinsu yana kan wa? Yana kan mai kaya, ko direba, ko mai jirgi, ko mu da muke jan su da ƙafa muna jefowa ƙasa, ko kuwa mai saye da ke neman rago mai araha? Ina roƙon malamai da masu sana'a su yi mini bayani.

Ɗan Mai Wurno, Gadarif

Wa alaikumus salam. Ƙanena Baban Usama, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da aka fara wannan yaƙi na Sudan, mu a nan mutane muke binnewa. Da faɗa ya iso jihar Sinnar a 2024, da ƙafa iyalina suka fito, tsohuwarmu a kan amalanken jaki, kuma har yau akwai 'yan'uwanmu da ba mu san inda suke ba. Na ga mata da yara an cusa su a bayan babbar mota fiye da yadda ake cusa tumakin da kake magana a kansu. A irin wannan hali, zuciyata ba ta da sauran wurin da za ta sa jimamin rago bakwai. Makiyayin da ya sayar da ragunan nan wataƙila da kuɗinsu ya fitar da 'ya'yansa daga bakin wuta. Ni a ganina a bar wannan magana sai Allah ya kawo zaman lafiya.

Malam na Misfala, Makka

Allah ya yaye muku, Alhaji na Mai Wurno, ya haɗa ku da waɗanda suka ɓace cikin aminci. Babu mai hankalin da zai daidaita ran ɗan Adam da na dabba, kuma ban fahimci Baban Usama yana nufin haka ba. Sai dai tausayi ba hatsi ba ne da za a ce idan an ɗebar wa dabba rumbun mutane ya ragu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zauna a Madina cikin yaƙe-yaƙe da yunwa, amma a cikin wannan halin ne ya shiga gonar wani Ba'ansare, raƙumi ya gan shi ya yi kuka idanunsa suna zubar da hawaye, ya shafa shi har ya natsu, sannan ya nemi mai shi ya ce masa ya ji tsoron Allah game da wannan dabba da Allah ya mallaka masa, domin ta kai ƙara cewa yana barin ta da yunwa yana kuma gajiyar da ita. Abu Dawud ne ya ruwaito. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare kuwa, yara ma sun haddace shi, kuma laifinta bai wuce tsarewa da hana abinci ba. Ku dubi wannan da kyau, domin tsarewa da hana ruwa shi ne ainihin abin da ke faruwa a cikin tirela.

Game da tambayar alhaki, abin da na fahimta shi ne yana rabuwa gwargwadon iko. Wanda ke da ikon cewa a rage lodi ya ƙi faɗa, nasa ya fi nauyi. An ruwaito cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa gwamnansa na Masar cewa kada a ɗora wa raƙumin dako fiye da raɗali 600 (raɗali ma'aunin nauyi ne), wanda ke nuna shugabanni ma suna da nasu kason. Amma ɗan dako ba ya fita, domin jan rago da ƙafa ɗaya da jefo shi daga hawa na biyu aikin hannunsa ne, ba wanda ya tilasta shi.

Ɗan Mai Wurno, Gadarif

Na ji, Malam, kuma ba na jayayya da hadisi. Zafin abin da muke ciki ne ya sa na yi magana haka. Zan saurara.

Baban Direba, Atbara

Salamu alaikum. Tun da an ambaci direba, bari in faɗi abin da na sani, domin shekara ashirin da biyu ina jan tirelar dabbobi zuwa tashar jiragen ruwa ta Sawakin. Kafin yaƙi ina lodi a kasuwar Khuwai ko a Ubayyid, wani lokaci a Muwailih ta Umdurman, in yi kwana biyu zuwa uku in isa. Yanzu hanyoyi sun koma zagaye, akwai tafiyar da na yi kwana tara, yawancinta a tsaye a bakin shingaye ana cinikin abin da za a biya kafin a ɗaga sanda. Mota tana tafiya iska na shiga tsakanin ƙarafa, dabbobi suna samun sauƙi. Da zarar ta tsaya da rana, cikin sa'a guda hawan ƙasa ya zama tanda, ga fitsarin na sama yana zubo musu.

Ku fahimci yadda ake biyanmu. Mai kaya hayar mota yake yi, kuɗin tafiya ɗaya ne ko ya zuba ɗari uku ko ya zuba ɗari huɗu, saboda haka duk kan da ya ƙara riba ce a gare shi. Idan na ce lodi ya yi yawa, sai ya nuna mini motoci goma da ke layi suna jira. Abin da muke iya yi shi ne mu shimfiɗa yashi a ƙasa don kada su zame, mu sa yaron mota ya riƙa shiga tsakaninsu yana tayar da wanda ya kwanta, domin ragon da ya kwanta a cikin matsi tattake shi za a yi. Yaron nan yana yin wannan aiki dare da rana, numfashinsa a cikin warin fitsari, kuma ladansa bai taka kara ya karya ba. Gangaren Aƙaba bayan Sinkat shi ne wurin da na fi tsoro, domin kowane taka birki yana tura dabbobin baya su danne na gaba. Akwai daren da na tsaya a gindin dutsen na fitar da goma sha ɗaya, na zauna a gefen titi na kasa cin abinci. Ban ce ba ni da laifi ba, Malam. Amma ina so a san cewa hannun da ke riƙe da sitiyari ba shi ke riƙe da alƙalamin lissafi ba.

Alhaji Falke, Bor Sudan

Ni ne mai alƙalamin da ake magana a kansa, ko da yake ba kayana ne Baban Usama ya sauke ba. Ina fataucin raguna zuwa Jidda tare da abokan haɗin gwiwa, kuma ina so a yi mana adalci. Ragon da ya mutu kuɗina ne ya mutu, babu falken da ke murna da mushe. Kafin rago ya taka jirgi na biya makiyayi, na biya dillali, na biya haraji a kowace jiha da ya ratsa, na biya allurar rigakafi da ɗaukar jini, na ciyar da shi a wurin killacewa na Sawakin, inda ruwa da harawa duk saye ake yi da tsada. Bayan wannan duka ana iya isa Jidda a ce gwaji bai yi ba, a juyo da jirgin gaba ɗaya, kamar yadda ya faru da jirage da dama a 2020, bayan hanin da Saudiyya ta yi a 2019 saboda zazzaɓin Rift Valley. Na san mutanen da wannan ya karya har yau ba su tashi ba.

Sannan a tuna cewa bayan zinariya, dabbobi suna cikin manyan abubuwan da ke kawo wa Sudan kuɗin waje, miliyoyin kawuna a shekara, kuma mafi yawansu Saudiyya suke zuwa. Daga makiyayin Kordofan har mai sayar da shayi a bakin tashar Sawakin, da wannan fatauci suke ci. Idan na rage lodi ni kaɗai, ragona zai fi na maƙwabcina tsada a Khumra, kuma Baban Usama shaida ne cewa mai saye ba ya tambayar yadda rago ya yi tafiya, haƙoransa da ƙugunsa yake dubawa ya tambayi farashi.

Dakta, likitan dabbobi, Bor Sudan

Alhaji, da girmamawa, maganarka ta farko ita ce inda matsalar take. Gaskiya ne mushe asararka ce, amma idan ƙarin kai hamsin a mota yana kawo maka ribar da ta fi kuɗin bakwai da za su mutu, lissafi zai ce maka ka ƙara, kuma abin da wakilin nan ya faɗa wa Baban Usama ke nan. Son riba yana kare dabba ne zuwa wani mizani kawai, daga nan sai ya juya mata baya. Kuma littafin lissafi mushe kaɗai yake ƙirgawa. Sauran ɗari uku da casa'in da uku da suka iso da rai bayan kwanaki cikin ƙishirwa, babu layin da aka ware wa wahalarsu.

Dukkanmu a nan mun tuna watan Yuni na 2022, lokacin da jirgin Badr 1 ya nutse a tashar Sawakin kafin ma ya fita teku. Tumaki wajen 15,800 aka zuba masa alhali ƙarfinsa bai wuce 9,000 ba, kuma waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce 700 ba. Ma'aikatan jirgin sun tsira, alhamdu lillahi. A Nuwamba 2019 jirgin Queen Hind ya kife a tashar Midia ta Romaniya da tumaki fiye da 14,000, shi ma Jidda ya nufa. Tun a 2003 an ga na Cormo Express, wanda ya taso daga Ostireliya da tumaki wajen 57,000, aka ƙi karɓarsu a Jidda saboda cuta, ya yi ta yawo a teku fiye da wata biyu kafin Iritiriya ta karɓe su, dubbai sun mutu a ciki. Da yawa daga cikin jiragen da ke wannan aiki tsofaffin jiragen kaya ne da aka sauya musu fasali bayan sun tsufa.

Ku bar ni in yi bayanin abin da ke kashe su, don a daina cewa ajali ne kawai. Tunkiya da haki take fitar da yawancin zafin jikinta. A busasshiyar iskar Kordofan wannan yana yi mata aiki, amma a iskar Bahar Maliya mai cike da laima hakin ba ya sanyaya ta, sai zafin ya yi ta taruwa har gaɓoɓinta su gaza. Fitsarin da ya taru a ƙasa yana tayar da iska mai yaji da ke ƙona ido da huhu. Dabbar da ta sha irin wannan wahala ko an yanka ta namanta yakan yi duhu, ya yi saurin lalacewa, mahauta sun san haka. Shawarata ita ce a mayar da hankali ga yanka a Sudan a tura nama cikin sanyi, kamar yadda mayankar Kadaro ta Bahri take yi kafin yaƙi. Da haka fata da kayan ciki da aikin yi duk za su zauna a gida.

Alhaji Falke, Bor Sudan

Dakta, maganar lissafi ta shige ni, ba zan musa ba. Amma batun tura nama ba zai rufe ƙofa ba. Hadayar alhazai a Makka ake yanka ta, ba a yanka ta a Kadaro a aiko da ita a firiji. A 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, kuma mafi yawansu masu tamattu'i ne da hadaya ta hau kansu. Ban da wannan, Balarabe yana son ya ga ragonsa da rai, ya shafa shi, ya kai shi mayanka da kansa. Sannan ina wutar lantarkin da za a riƙe ɗakunan sanyi da ita a halin da muke ciki?

Malam na Misfala, Makka

Alhaji ya yi gaskiya a kan hadaya, wurin yankanta Harami ne. Amma kwanakin yanka kaɗan ne a shekara, jirage kuwa ba sa hutawa wata goma sha biyu, saboda haka hujjar hadaya ba ta rufe sauran watanni. Kuma wannan ibada da kanta ta taɓa samun gyara. Dattawan unguwarmu suna ba da labarin yadda a da ake barin naman hadaya a Mina yana ruɓewa har sai an haƙa rami an binne, sai a 1983 aka kafa shirin amfana da naman hadaya da layya, aka damƙa shi ga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, aka gina mayankun Mu'aisim, yanzu ana daskarar da naman ana rabawa matalautan Harami da na ƙasashe da dama. Mutanen da suka iya gyara abin da ke faruwa bayan yanka za su iya gyara abin da ke faruwa kafinsa. Allah ya faɗa a Suratul Hajji cewa naman da jinin ba sa isa gare shi, taƙawa ce ke isa. Ina jin nauyin a ce dabbar da za a kusanci Allah da ita ta iso Harami ta hanyar da aka saɓa masa a kanta tun daga Khuwai.

Maman Hanan, Madina

Assalamu alaikum iyayena malamai. Ina karantawa tun jiya, kuma na ga duk maganar ta tsaya a kan maza masu mota da jirgi, alhali mu masu tukunya muna da namu kason. Ina aikin girki a wuraren biki shekara tara. A daren walima guda ana iya kwantar da rago goma ko fiye a kan manyan farantan shinkafa, baƙi su ɗan taɓa gefe su tashi, kuma idan masu bikin ba su kira ƙungiyoyin da ke tattara ragowar abinci ba, da idona nake ganin ana juye cinya sukutum a jakar shara. Duk lokacin da na ga haka sai in tuna cewa wannan dabba ta ratso sahara da teku, ta sha wahalar da Baban Direba ya bayyana, don kawai a ce mai biki ya yi bajinta. Har mu Hausawan nan mun koyi wannan gasa, mai ƙaramin ƙarfi yana cin bashi don kada a ce ragonsa ɗaya.

Sannan ga kaji, waɗanda muke ci kullum ba tare da tunani ba. A gidanmu na Kasala kaza tana wata biyar ko shida tana kiwo a tsakar gida kafin a kama ta. Kazar da muke saya a leda, ta gonakin nan ko ta Barazil, kwana talatin da 'yan kai take yi a duniya, an zaɓi irinta ne don ƙirjinta ya yi saurin girma, har ƙafafunta su riƙa kasa ɗaukarta. Masu ƙwai kuma a keji suke ƙare rayuwarsu, kowace da wurin da bai kai faɗin takardar rubutu ba, ba ta taɓa buɗe fiffike ko yin birgima a ƙasa. 'Yan tsakin da suka fito zakaru a wuraren ƙyanƙyasar kajin ƙwai, a ranar da suka fito ake hallaka su domin ba su da amfani ga kamfani. Malam, ina tambaya tsakani da Allah, idan an yanka irin wannan kaza da bisimilla ta halatta, na yarda, amma mu da muke saye muna sane, babu komai a kanmu?

Ɗalibi, Jami'ar Musulunci ta Madina

Ina gaida iyayena. Ina da tsoro guda game da wannan muhawara. Ƙungiyoyin Turai da ke yayata haƙƙin dabbobi su ne kuma suke neman a hana yankan Musulunci a ƙasashensu, kuma wasunsu manufarsu a daina cin nama gaba ɗaya, abin da Allah ya halatta. Turawa ne suka ƙirƙiro kejin kaji da gonakin da dabba ba ta ganin rana, suka sayar wa duniya, yanzu kuma suna nuna mu da yatsa. Ina jin tsoron mu ɗauko maganarsu mu shigo da ita cikinmu ba mu lura ba.

Dakta, likitan dabbobi, Bor Sudan

Ƙanena ɗalibi, ka duba zauren nan tun daga sama, babu wanda ya ce a daina cin nama, kuma hujjojin da Malam ya kawo sun girmi kowace ƙungiya da shekaru fiye da dubu. Gaskiya ne kejin daga can ya zo. Amma Tarayyar Turai ta hana tsohon kejin kajin ƙwai tun 2012, Jamus ta hana kashe 'yan tsaki maza daga 2022, Birtaniya ta hana fitar da dabbobi da rai don yanka a 2024, Ostireliya kuma ta sa ranar 1 ga Mayu 2028 don daina tura tumaki ta teku. Mun karɓi kejin daga hannunsu, ba mu karɓi gyaran ba. A nan yankin ma akwai doka, domin Saudiyya ta amince da dokar tausaya wa dabbobi ta ƙasashen Gulf tun 2013, da tara mai nauyi. A bikin raƙuma na Sarki Abdul'aziz a Disamba 2021 an kori raƙuma fiye da 40 daga gasar kyau saboda an yi musu allurar Botox da wasu dabaru don leɓɓansu su zazzago. Idan ana iya binciken leɓen raƙumi da na'ura, ana iya ƙirga raguna a ƙofar tirela.

Malam na Misfala, Makka

'Yar'uwa Maman Hanan, naman halal ne idan yankan ya cika sharuɗɗa, ba zan haramta miki abin da Allah bai haramta ba. Zunubin azabtarwa yana kan wanda ya azabtar. Amma wanda Allah ya hore masa ya sayi wadda aka kiwata cikin walwala, ko ya rage yawan abin da yake saye, ya yi abin da ya fi, kuma zubar da nama a shara almubazzaranci ne da nassi ya hana kai tsaye, wannan babu saɓani a cikinsa.

Ɗan Mai Wurno, Gadarif

Na ce zan saurara, kuma na saurara. Akwai abin da ban faɗa ba a farko. Jakin da ya jawo tsohuwarmu daga jihar Sinnar ya yi kwana huɗu yana tafiya, kafaɗarsa ta goge har nama ya fito, muna ɗora masa tsumma muna ci gaba domin babu halin tsayawa. Da muka iso ya kwanta bai sake tashi ba. Tsohuwar ta yi masa kuka kamar mutum, ni kuwa na hana kaina tunaninsa sai yau. Tun da man fetur ya yi wuya, karo, wato amalanken jaki, shi ne motar asibiti, shi ne tankar ruwa a unguwanninmu, kuma ina ganin yara suna dukan jakuna da guntun tiyo a kan gyambo daga safe har dare. Na ji cewa Tarayyar Afirka ta hana yanka jakuna don fatarsu a Fabrairu 2024, saboda yadda ake kwasar fatun zuwa Sin, kuma hakan ya yi kyau, amma wanda ke raye a hannunmu ma yana bukatar a duba shi. Har yanzu ina nan a kan cewa mutum ne gaba. Sai dai zan yi magana da masu karo na unguwarmu a kan sa matashi a ƙarƙashin sirdi da hutar da dabba da tsakar rana.

Baban Usama, Jidda

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ban faɗa muku ƙarshen jan ragon nan ba. Da yake mai karyayyar ƙafa ba ya shiga layya, kuma babu mai biki da zai saye shi, sai aka jingine shi a gefen shinge ana jiran mahaucin da zai taya da araha. Wakilin ya ƙi farashin farko, ragon ya kwana biyu a wurin, jiya da daddare ya mutu, ba a ci namansa ba, ba a kuma hutar da shi ba. Ina da wuƙa a ɗakina, na yi tunanin in yanka shi, amma ba nawa ba ne, kuma baladiyya, wato hukumar gari, ta hana yanka a wajen mayanka. Malam, me ya kamata in yi?

Malam na Misfala, Makka

Buhari ya ruwaito cewa wata baiwar Ka'abu ɗan Malik tana kiwo a dutsen Sal'u na Madina, ta ga wata tunkiya za ta mutu, ta fasa dutse ta yanka ta da shi, aka tambayi Manzon Allah ya ce a ci. Saboda haka gaggauta yanka dabbar da ake tsoron mutuwarta abu ne da shari'a ta sani. Amma kai baƙo ne a ƙasar mutane, kada ka saɓa dokar baladiyya ka jawo wa iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, matsala. Ku masu sauke kaya ku haɗu ku nemi izinin masu kaya tun kafin mota ta iso, cewa duk wadda ta sauko da karaya za a wuce da ita mayanka a ranar, a sayar da naman a kan abin da ya samu. Wanda ya ƙi, a sanar da likitan kasuwa.

Baban Direba, Atbara

Ranar Alhamis ina da lodi. Na yi niyyar in ce a rage kai arba'in, in ɗauki ganga biyu ta ruwa a wurinsu, in kuma yi tafiyar dare in nemi inuwa da rana. Na san abin da za a ce mini, kuma na san akwai mai jiran in ƙi ya ɗauka. Alhaji Falke, kai ne mai kaya a cikinmu. Idan direbanka ya zo maka da wannan magana, za ka biya shi kuɗin tafiyarsa cikakke?

Alhaji Falke, Bor Sudan

Na zauna da littafina daren jiya. Kai arba'in a kowace mota, a lodin mota goma, yana nufin hayar ƙarin mota guda da ɗoriya, kuma abokan haɗin gwiwata biyu ba su yarda ba da na kira su. Abin da ke hannuna shi ne motoci biyu da nake da cikakken iko a kansu a tafiya mai zuwa. Zan rage musu lodi, in biya direbobin cikakke, in sa a auna nauyin raguna ashirin daga kowace mota a wurin lodi da kuma a Sawakin, har da na motocin da ba a rage ba. Dakta, ina bukatar ka zo wurin killacewa ranar da za su iso ka duba su da kanka ka rubuta abin da ka gani, domin abokaina ba za su karɓi maganata ni kaɗai ba. Baban Direba, turo mini lambarka ta akwatin sirri, ɗaya daga cikin motocin biyu ba ta da direba tukuna.